Propranolol: Nazarin Yadda Maganin Zuciya Ya Kutsa Fagen Kansa

A watan Yunin 2008 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wata gajeriyar wasiƙa daga asibitin yara na birnin Bordeaux a Faransa. Likitar fata Christine Léauté-Labrèze da abokan aikinta ne suka rubuto, kuma labarin ya faro ne daga jariri guda. An kawo shi da hemanjiyoma a hanci, wato irin jan ƙarin nan na ƙananan jijiyoyin jini da ke fitowa a fatar wasu jarirai makonni kaɗan bayan haihuwa, ya yi ta kumbura. Aka ɗora shi kan kotikosteroid, maganin da aka saba bayarwa a wancan lokaci. Ana cikin haka sai aka ga naman zuciyarsa ya yi kauri har yana tare hanyar fitar jini. Saboda zuciyar aka ba shi propranolol, babu wanda hankalinsa ke kan hancin. Washegari ƙarin da yake ja wur ya koma shunayya, aka taɓa aka ji ya yi laushi.

Aka sake gwadawa a kan yaro na biyu, aka ga abu iri ɗaya. Da yardar iyaye aka ƙara yara 9, suka zama 11, dukkansu launin ƙarinsu ya sauya cikin sa'o'i 24. Daga baya aka yi babban gwaji kan jarirai sama da 450, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. A cikin waɗanda suka sha maganin na tsawon wata 6, kashi 60 cikin 100 ƙarinsu ya ɓace ko ya kusa ɓacewa. A cikin waɗanda aka bai wa maganin wofi, wato mai kama da na gaske amma babu sinadarin magani a cikinsa, kashi 4 ne kacal. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ruwan propranolol na jarirai a 2014, kuma yau shi ne abu na farko da likita ke ɗauka idan hemanjiyoma ta zama abin damuwa.

Sai dai hemanjiyoma ba kansa ba ce. Ba ta bazuwa cikin jiki, kuma mafi yawanta kan janye da kanta idan yaro ya tasa. Duk da haka abin da ya faru a Bordeaux ya ƙara wa wata tsohuwar tambaya ƙarfi. Propranolol aikinsa shi ne toshe wurin da adrenalin, sinadarin da jiki ke saki lokacin firgici, ke sauka a jikin ƙwayoyin jiki. To idan toshe wannan wuri ya iya sa wani ƙari ya lafa, me zai hana a ga irin haka a kan kansa ta ainihi? Shekaru kusan ashirin ke nan ana bin wannan tambaya, kuma amsar da aka samu ba ta zo a miƙe ba.

Abin da maganin ke toshewa

Jijiyoyin saƙo ba sa taɓa gaɓoɓin da suke sarrafawa kai tsaye. A ƙarshen kowace jijiya akan saki wani sinadari, ya ƙetara ɗan taƙi, ya sauka kan wani furotin da ke manne a fatar ƙwayar da ake aika wa saƙon. Sinadarin shi ne manzo, furotin ɗin kuma shi ne makarɓi. Idan mutum ya firgita, ko ya ji zafin rauni, ko sanyi ya kama shi, jijiyoyin da ke shirya jiki don gudu ko faɗa sukan saki noradrenalin, ƙananan gaɓoɓin da ke zaune bisa ƙoda kuma su zuba adrenalin cikin jini. Shi ya sa zuciya ke dukan uku-uku.

Tun a 1948 Raymond Ahlquist a Amurka ya nuna cewa makarɓan adrenalin iri biyu ne, ya kira su alfa da beta. Mutane da yawa ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, amma James Black, ɗan Sukotlan da ke aiki a kamfanin ICI a Ingila, ya ɗauka. Ya ce idan zuciya mai rauni tana wahala saboda adrenalin na tsunkulinta, to a toshe mata kunne mana. Daga nan propranolol ya fito a tsakiyar shekarun 1960, Black kuma ya samu kyautar Nobel a 1988. Daga baya aka gane makarɓan beta ma kashi uku ne. Beta-1 ya fi yawa a zuciya. Beta-2 yana huhu, da jijiyoyin jini, da ƙwayoyin garkuwar jiki. Beta-3 ya fi zama a kitse. Propranolol yana toshe na ɗaya da na biyu gaba ɗaya, su kuwa atenolol da metoprolol da bisoprolol sun fi karkata ga beta-1. A riƙe wannan bambanci, don zai dawo.

Yadda saƙon ke shiga ciki ma an san shi dalla-dalla, domin a kan makarɓin beta-2 Robert Lefkowitz da Brian Kobilka suka yi aikin da ya ba su Nobel ta 2012. Furotin ɗin yana ratsa fatar ƙwaya sau bakwai. Da manzo ya sauka ta waje, sai siffarsa ta ciki ta sauya, ta tayar da wani furotin da ake kira G, shi kuma ya sa a ƙera sinadarin cAMP, wanda ke kunna enzayim ɗin PKA. A zuciya ƙarshen wannan jeri shi ne bugu mai ƙarfi. A cikin ƙari kuwa, ƙarshensa na iya zama kunna ƙwayoyin gado masu ƙera VEGF, sinadarin da ke kiran sababbin jijiyoyin jini, da masu ƙera enzayim ɗin da ke narkar da zaren da ya ɗaure nama, har ƙwayar kansa ta samu hanyar sulalewa.

Abin da ɓeraye suka nuna

Hujja mafi ƙarfi daga ɗakin gwaji ta fito. A 2006 ƙungiyar Anil Sood a cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Houston ta dasa wa ɓeraye ƙwayoyin kansar ƙwan mace, sannan ta riƙa ƙuntata wasunsu cikin matsattsen bututu na wasu sa'o'i kowace rana. Waɗanda aka ƙuntata ƙarinsu ya fi nauyi, ya fi yawa, ya kuma cika da sababbin jijiyoyin jini. Da aka ba su propranolol sai wannan bambanci ya gushe. Da aka bi sawun abin, sai aka tarar beta-2 ne ƙofar, VEGF kuma shi ne ɗan aiken.

A 2010 Erica Sloan da Steve Cole a jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles suka yi irin wannan gwaji da kansar mama, suka ga abin da ni a ganina ya fi na farkon jan hankali. Ƙarin da ke maman bai wani ƙara girma ba. Amma bazuwarsa zuwa kaluluwa da huhu ta ninka kusan sau 30. Kuma ba ƙwayoyin kansar kaɗai ke amsa saƙon ba. Makrofaj, manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti, su ne suka yi dandazo cikin ƙarin suka koma masu share wa kansa hanya. Nan ma propranolol ya hana.

Shekara uku bayan haka Claire Magnon da Paul Frenette a birnin New York suka nuna cewa jijiyoyin saƙo suna tsirowa su shiga da kansu cikin kansar firostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Jijiyoyin noradrenalin, ta makarɓan beta-2 da beta-3, suna taimaka wa ƙarin ya kafu tun farko. Jijiyoyin ɗaya ɓangaren, masu kwantar da jiki, waɗanda ke sakin sinadarin asetilkolin, suna taimaka masa ya kutsa ya bazu. Suka kuma duba naman marasa lafiya 43 da aka yi wa tiyata, suka ga inda jijiyoyi suka fi yawa nan cutar ta fi tsanani.

Akwai wani ɗan abin mamaki da ya ɓullo a gefe. Elizabeth Repasky a cibiyar Roswell Park ta birnin Buffalo ta lura cewa ɗakunan da ake ajiye ɓerayen gwaji ana riƙe su ne a zafin kusan digiri 22, wanda ya yi wa ma'aikaci mai sanye da riga daidai, amma ɓera sanyi yake ji. Shi sai wajen digiri 30 yake sakewa. Da ta ɗumama ɗakin sai ƙari ya rage saurin girma, ƙwayoyin garkuwa masu kashe kansa suka fi kuzari. Ashe sanyin ne yake sa jikin ɓeran ya yi ta zubo noradrenalin dare da rana. Wannan ya ƙarfafa batun, amma ya kuma tsoratar: yawancin abin da aka sani game da kansa a jikin ɓera an koye shi ne daga dabbar da tun asali take cikin takura.

Kafin a wuce, akwai wata fassara da ya kamata a tare ta tun nan. Waɗannan gwaje-gwaje ba su nuna cewa damuwa ce ke haddasa kansa ba. Ɓerayen an riga an dasa musu cutar. A 2013 aka haɗa bayanan ma'aikata sama da 116,000 daga ƙasashen Turai, ba a samu alaƙa tsakanin matsin aiki da kamuwa da kansar hanji, ko huhu, ko mama, ko firostet ba. Don haka wanda ya ce wa mara lafiya tunani ne ya jawo mata cutar, ya ɗora mata nauyin da ilimi bai ɗora mata ba.

Takardun asibiti da tarkon da ke cikinsu

Miliyoyin mutane suna shan magungunan toshe beta saboda hawan jini ko ciwon zuciya, wasunsu kuma sun kamu da kansa. Hanya mafi sauƙi ke nan: a buɗe tsofaffin takardu a ga ko sun fi sauran daɗewa.

Sakamakon farko ya ja hankalin kowa. A 2010 Desmond Powe a Nottingham ta Ingila ya duba mata 466 masu kansar mama, ya ba da rahoton cewa masu shan maganin haɗarin bazuwar cutarsu ya ragu da kashi 57 cikin 100. A 2011 wani bincike daga Ailan ya ga amfani ga masu shan propranolol, bai gani ga masu shan atenolol ba, abin da ya yi daidai da labarin beta-2. A 2015 aka duba mata 1,425 masu kansar ƙwan mace a Amurka: masu shan irin maganin da ke toshe beta-1 da beta-2 tare, matsakaicin rayuwarsu ya kai kusan wata 95, masu shan na beta-1 kuwa wata 38. Wannan tazara ce babba ƙwarai. Girman tazarar ma shi ne ya kamata ya sa a yi shakka.

Ga inda gizo ke saƙar. A ɗauki mata biyu, a misali, da aka gano cutarsu rana ɗaya. Ta farko cutar ta yi mata tsanani, ta rasu a wata na takwas. Ta biyu ta samu sauƙi, ta ci gaba da rayuwa, a shekara ta uku jininta ya hau, likita ya rubuta mata maganin toshe beta. Shekaru bayan haka mai bincike ya zo da takardarsa mai gida biyu, masu shan magani da marasa sha. Ta biyun za ta faɗa gidan masu sha, kuma za a lissafa wa maganin dukkan rayuwarta tun daga ranar da aka gano cutar, har da shekaru ukun da ko ƙwaya ɗaya ba ta haɗiya ba. Ta farkon kuwa ba ta ma rayu ta kai lokacin da za a rubuta mata ba, don haka dole ta faɗa gidan marasa sha. Daɗewarta ce ta kai ta ga maganin, amma a takarda sai a karanta cewa maganin ne ya kai ta ga daɗewa. Masana ƙididdiga suna kiran wannan kuskuren lokacin da ba a mutuwa, domin duk wadda ke gidan masu sha, ba zai yiwu a ce ta mutu kafin ranar da ta fara sha ba.

A 2016 Janick Weberpals da abokan aikinsa a Heidelberg ta Jamus suka tattara bincike 30 irin waɗannan. Da aka haɗa su duka, sai amfani ya bayyana. Da aka ware waɗanda wannan kuskure zai iya shafa, sai amfanin ya ɓace. Wannan bai kashe batun ba, domin yawancin mutanen da ke cikin takardun masu toshe beta-1 suke sha, waɗanda ba su ne ake zato ba tun farko. Amma ya nuna cewa tsofaffin takardu ba za su raba gardamar ba.

Anjiyosakoma: 'yar'uwar da ta fi kusa

Idan akwai kansar da ya kamata propranolol ya yi wa aiki, to anjiyosakoma ce. Ita ma daga ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin jijiyoyin jini take tasowa, kamar hemanjiyoma, sai dai ita muguwa ce. Ba ta da yawa, takan fito a fatar kai ko fuskar tsofaffi, ko a maman da aka taɓa yi wa gashi, wato ƙona ƙwayoyin kansa da hasken na'ura, tana bazuwa da sauri, magungunanta kuma ba su da yawa. An kuma tarar da makarɓan beta a jikin ƙwayoyinta.

A 2015 ƙungiyar Brad Bryan ta jami'ar Texas Tech ta ba da labarin mara lafiya guda. An yanki ɗan naman ƙarinsa, aka ba shi propranolol kaɗai na mako ɗaya, aka sake yanka. Alamar da ke nuna yawan ƙwayoyin da ke rabuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga nan aka haɗa masa da gashi da paklitaksel, ɗaya daga magungunan kemo masu kashe ƙwayoyin kansa, ƙarin ya janye sosai. A 2016 likitoci daga Faransa da Indiya, ciki har da Eddy Pasquier da Shripad Banavali na asibitin Tata Memorial a Mumbai, suka ba da rahoton marasa lafiya 7 da cutarsu ta yi nisa. An ba su propranolol tare da ƙananan awo na magungunan kemo biyu, vinblastin da metotreksat, ana maimaitawa a kai a kai. Duk bakwai ɗin ƙarinsu ya ragu. Matsakaicin lokacin da cutar ta ɗauka kafin ta dawo wata 11 ne, matsakaicin rayuwa kuma wata 16. A ƙarshen wannan shekara hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta bai wa propranolol matsayin maganin cutar da ba ta da yawa, don irin wannan kansa, bisa buƙatar wata gidauniya mai zaman kanta a Beljiyam mai suna Anticancer Fund. Matsayin ba amincewa da magani ba ne, ƙarfafa gwiwa ne don a yi gwaji.

Matsalar a fili take. A duk waɗannan labarai, sauƙin da aka gani na zahiri ya zo ne tare da kemo, kuma an san anjiyosakoma tana jin kemo da farko ko ba propranolol. Wa za a yaba? Cibiyar kansa ta Holan da ke Amsterdam ta nemi amsa ta hanya mai tsabta. Akwai 'yan makonni tsakanin gano cuta da fara magani na ainihi, sai aka yi amfani da wannan taga aka bai wa marasa lafiya 14 propranolol shi kaɗai. Sakamakon da aka buga a 2024 ya ce biyu ne kacal suka nuna wata alamar amfani, adadin da bai kai mizanin da masu gwajin suka kafa wa kansu tun farko ba. Babu wanda ya wayi gari ya ga abin da aka gani a hancin jaririn Bordeaux.

Wannan gwaji ƙarami ne, kuma bai taɓa tambayar haɗa maganin da kemo ba. Amma ya rufe ƙofa ɗaya: propranolol shi kaɗai ba ya narkar da anjiyosakoma.

Kwanakin tiyata

Wata ƙungiya ta bi wata hanya dabam, kuma ina ganin tunaninta ya fi dacewa da abin da ɓerayen suka nuna. Ɓerayen ba su ce maganin yana kashe kansa ba. Cewa suka yi yana hana adrenalin taimaka mata. Ke nan amfaninsa zai fi fitowa a lokacin da adrenalin ya yi ambaliya, kuma babu lokacin da ya kai kwanakin tiyata. Mara lafiya ya kwana da fargaba, an hana shi abinci, ɗakin tiyata da sanyi, an yanka nama, an zubar da jini, ga zafin rauni bayan an farka. A daidai wannan lokaci ne taɓa ƙari ke iya sakin ƙwayoyinsa cikin jini, garkuwar jiki kuma ta yi sanyi na 'yan kwanaki. Shamgar Ben-Eliyahu na jami'ar Tel Aviv a Isra'ila ya daɗe yana cewa wannan ɗan gajeren lokaci na iya yin tasiri mai tsawo a kan ko cutar za ta dawo.

A 2017 ƙungiyarsa ta raba mata 38 masu kansar mama ta ƙuri'a. Wasu suka sha propranolol haɗe da etodolak, maganin rage kumburi, na kwana 11, ana farawa kwana 5 kafin tiyata. Sauran suka sha maganin wofi. Da aka ciro ƙarin aka duba, na masu shan maganin ya nuna raguwar aikin ƙwayoyin gado masu sa ƙwayar kansa ta saki maƙwabtanta ta kama yawo. A 2020 Jonathan Hiller da Erica Sloan a Melbourne ta Ostireliya suka gwada propranolol kaɗai na kwana 7 kafin tiyata a kan mata 60, suka ga irin wannan sauyi, tare da ƙarin shigar ƙwayoyin garkuwa cikin ƙarin.

Waɗannan su ne hujja mafi tsabta da ake da ita a jikin ɗan Adam cewa makarɓin yana aiki a cikin kansa, kuma ƙwaya mai araha tana iya sauya abin da ke gudana a can cikin mako guda. Amma abin da aka auna shi ne alamomi a cikin nama. Mara lafiya ba alamomi take tambaya ba, tana tambaya ne ko cutar za ta dawo, kuma amsar wannan sai an bi ɗaruruwan mutane na tsawon shekaru.

Haka abin yake a ɓangaren garkuwa. A 2021 a Roswell Park an haɗa propranolol da pembrolizumab, maganin da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi, a kan masu kansar fata ta melanoma su 9, ƙarin 7 daga ciki ya ragu. Adadi mai daɗin ji, amma mutum tara ne, babu rukunin da za a kwatanta da shi, pembrolizumab kuma yana aiki shi kaɗai. A 2023 ƙungiyar Susan Kaech a cibiyar Salk ta nuna cewa ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, waɗanda suka gaji da yaƙar ƙari, suna taruwa kusa da jijiyoyin noradrenalin, kuma makarɓin da ke ƙara musu gajiyar beta-1 ne. Ashe tsohuwar maganar cewa beta-2 kaɗai ne abin kula ita ma tana buƙatar gyara.

Me ya hana babban gwaji?

Kuɗi ne, galibi. Haƙƙin mallakar propranolol ya ƙare tun da daɗewa, kamfanoni barkatai suna yin sa, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Gwajin da zai nuna ko yana tsawaita rai yana cin maƙudan kuɗi, wanda ya biya kuma ba shi zai ci ribar ba. A hemanjiyoma an samu mafita saboda kamfanin Pierre Fabre ya haɗa sabon ruwan magani na jarirai wanda zai iya sayarwa da sunansa. A cutar kansa kuwa, ƙwayar da ke kowane kantin magani ita ce dai za a sha. Sai aikin ya rage a hannun jami'o'i da gidauniyoyi, shi ya sa gwaje-gwajen suke zuwa da mutum 14, da 38, da 60.

Arahar tana da wani haɗarin. Abin da ke da sauƙin samu yana da sauƙin sha ba tare da likita ba, propranolol kuwa ba alewa ba ne. Mai asma na iya shaƙewa, domin beta-2 ɗin da ake toshewa shi ne ke buɗe hanyoyin iska a huhu. Yana rage bugun zuciya, yana saukar da jini, abin da ke da haɗari ga wanda kemo ya riga ya raunana ko ya bushe da amai. Ga mai ciwon sukari yana ɓoye rawar jiki da bugun zuciyar da ke sanar da shi cewa sukarinsa ya faɗi. Wanda ya daɗe yana sha kuma ya daina kwatsam, zuciyarsa na iya rikicewa. A yau babu wata hukuma da ta amince da shi a matsayin maganin kansa. Wanda yake shan sa saboda zuciya ko hawan jini ya ci gaba bisa shawarar likitansa, wanda ba ya sha kuma hanyarsa ita ce gwaji mai rajista, idan akwai.

Komawa ga hancin jariri

Saura abu ɗaya, wanda ya dagula labarin tun daga tushensa. Ƙwayar propranolol da ake sha gauraye ce ta siffofi biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, rabi da rabi. Siffar da ake kira S ita ce ke toshe makarɓan beta, ta fi ɗayar ƙarfi a wannan aiki kusan sau 100. Ɗayar, wato R, an daɗe ana ɗaukar ta 'yar rakiya.

A 2019 ƙungiyar Mathias Francois a Ostireliya ta nuna cewa 'yar rakiyar tana da nata aikin. Tana hana wani furotin mai suna SOX18, wanda ke cikin tsakiyar ƙwaya yana ba da umarnin ƙera jijiyoyin jini. A 2022 ƙungiyar Joyce Bischoff a asibitin yara na Boston ta ɗauki ƙwayoyin tushe, waɗanda ƙarin ke tsirowa daga gare su, daga hemanjiyomar jarirai ta dasa wa ɓeraye, ta ba su siffar R kaɗai, wadda da ƙyar take taɓa makarɓin adrenalin. Jijiyoyin hemanjiyomar suka kasa ƙeruwa.

Sauyin launin da aka gani cikin sa'o'i 24 a Bordeaux har yanzu ana danganta shi da makarɓan beta, domin toshe su yana sa ƙananan jijiyoyi su tsuke, jini ya ragu a wurin. Amma janyewar ƙarin a hankali cikin watanni, wadda ita ce ainihin warakar, akwai yiwuwar wani babban kaso nata ta hannun SOX18 ya biyo. Idan haka ne, nasarar da ta fi kowace jawo hankali ga makarɓan adrenalin a fagen ƙari ba duka tasu ba ce. Masu binciken kansa yanzu suna da tambayoyi biyu da za su raba, kuma ƙwayar da ke hannunsu tana ɗauke da siffofin biyu a gauraye.